Likitocin Birki a Garejin Maiduguri

Maiduguri gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangare, in ka cire gadojin sama da aka yi mana a 'yan shekarun nan. Shi ya sa tsohuwar mota za ta shekara tana zirga-zirga tsakanin Bulumkutu da Gwange da rabin birki, mai ita bai sani ba. Ranar da zai sani ita ce ranar da mai Keke Napep ya ci birki a gabansa a shataletalen Post Office don ya hango fasinja. Tun da aka hana babura a 2011 kuwa, irin wannan ranar ba ta wuyar zuwa. Daga nan sai gareji, inda likitoci ke jira.

Babbansu shi ne mai motar da kansa. Motar tasa Fijo 504 ce haɗin Kaduna, ko tsohuwar Marsandi, ko irin 'yar gajeruwar nan mai ƙofa biyu da mahaifinsa ya taho da ita daga Ingila zamanin Gowon. Ya sake mata fenti, ya ɗinka wa kujeru sabuwar riga, kullum sai an goge ta. Ka buɗe murfin man birki ka gani: baƙi wuluk kamar shayin da ya kwana a buta. Ka ce a canza, ya ce, “Ɗana, wannan man na Bature ne, ba irin naku na yanzu ba.” Bai yarda cewa man birki yana tsotsar danshi ba, shi ya sa ake so a zubar da shi duk bayan shekara biyu. In ya sha ruwa, ya haɗu da zafin ƙarfe da zafin watan Afrilu, sai ruwan ya tafasa ya koma tururi, ka taka ƙafa ta tafi har ƙasa. Wasu motocin ma sun yi kwanaki cikin ambaliyar Alau ta Satumbar 2024, aka wanke inji, aka shanya kujeru, birki kuwa ko leƙa shi ba a yi ba.

Sai Malam Famfo. Shi a wurinsa birki lafiyarsa ƙalau, direba ne bai iya ba. “Taka sau uku, na huɗu zai kama.” Zai kama kuwa, domin iska ce ta shiga layi, ko layinin baya ya yi nisa da diram. Abin da bai taɓa faɗa ba shi ne wanda zai roƙi akuya ta dakata a titi har a gama lissafi.

Akwai mai ruwan Omo, tsohon direban haya da ya yi zamani a hanyar Bama. Da man ya ƙare, sai ya kaɗa sabulu da ruwa ya ɗura. Hujjarsa guda ce: har yau yana raye. Robobin da sabulun ya cinye da bututun da ya yi tsatsa ba su cikin labarin.

Wanda na fi tsoro shi ne Oga Masta-ne. Tun kana faka mota, bai ko miƙe daga benci ba, ya yanke hukunci: “Alhaji, masta ne.” A sayo. Bai gyaru ba? To sabo (servo) ne. Shi ma a sayo, kuma ƙaninsa ne ke da shagon kayan Beljiyam a bayan garejin. Alhali ita motar faɗin ciwonta take yi ga mai saurare. In ka taka ka riƙe, feda na nitsewa a hankali ba tare da yoyo ba, to robar masta ce. In feda ta yi tauri, ka taka da ƙarfi mota ba ta tsayawa, a duba sabo da tiyon da ke kawo masa iskar zuƙa daga inji. Sau da yawa tiyon ne kawai ya tsage, kuɗinsa bai kai na cefane ba. In mota tana fizga gefe guda, ƙafa ɗaya ce ta maƙale, ko tsohon tiyon roba ya kumbura ta ciki.

Ɗan YouTube kuma so yake a tuge komai a sa manyan faifan birki na motar tsere. Tayoyin motar sun girmi ƙanwarsa, wannan bai dame shi ba.

Mai tawakkali ba ya jayayya. “Kwana ne,” in ji shi, ya tuƙa abinsa.

Duk cikinsu mutum guda ne ya taɓa motar: yaron gareji, wanda oga ke yi wa tsawa, “Taka! Riƙe! Saki!” Shi ne ya kwanta a ƙasa ya ga danshin mai a bayan tayar hagu, ya faɗa sau biyu, aka ce ya je ya sayo fiya wata.

In ka kai motarka gareji, mai karatu, gaisa da oga yadda ya kamata, sannan ka ja yaron gefe ka tambaye shi abin da ya gani.