Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Gindin Darbejiya

Ranku ya daɗe, dattawan benci, alƙalan da ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsu,

Ina yi muku jajen ciwon haƙarƙari, don na ga irin dariyar da kuka sha daren jiya. An ɗauke wuta, na kai waya caji bakin tashar Birnin Kudu, sai yaron shagon nan da bakinsa ba linzami ya ɗaga murya: "Baba, na tura maka ci gaban Indiyan nan mai fassara!" Nan take kuka kafa kotu. Wani ya ce da wannan gemun? Wani ya ce a yi mini ruƙiyya.

To, Allah ya ja zamaninku, a rubuta: ina kallo. Ina kallon Indiya-Hausa, ina bin Labarina, Izzar So ba ya wuce ni. Idan bos ya raba yarinya da jarumi, idona yakan kawo ruwa, kuma ba hayaƙin mai shayi ba ne.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne su wa ke dariyar. Ku! Ku da kuke bin motar lodi zuwa Kano a zamanin samartaka don ku kwana a layin silimar Plaza da Marhaba? Wa ya raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi? Wa ya sa wa Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin? Matan gida ne? Lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino ya shigo gari, a aljihun wa ya yage? Ranar da Ibro ya rasu a Disambar 2014 duk kun yi jugum, alhali kowa ya sha rantsuwa bai taɓa kallonsa ba, "yara ne dai suka kunna ina wucewa."

Sai ƙwallo. A 2011 Manchester United ta zuba wa Arsenal 8 da 2, wani a cikinku ya ƙi cin tuwo, ya huce a kan iyalinsa. Wannan sunansa kishi. Ni da nake kuka ba tare da na zagi kowa ba, ni ne mai ƙaramin hankali? Haba jama'a!

Ku hau Dutsen Habude ku ga shanun da magabata suka zana a jikin dutse, ku buga duwatsun kiɗan nan ku ji amonsu. Garin nan ya san nishaɗi tun kafin a sassaƙa bencinku.

Bashin mai shayi da kuke bar mini, na yafe. Hasashenku na zaɓe da bai taɓa faɗawa daidai ba, Allah ya kyauta.

Amma daga yau na daina rage murya, na daina kifa waya in na hango hula. Na yi sallata, na ciyar da gidana, sauran daren nawa ne. Duk wanda ya sake lallaɓowa bayan isha'i yana raɗa mini, "Malam, ara mini memorin nan, na uwargida ne," wallahi sai na hau mota zuwa Gwaram na yi hayar lasifika na kira sunansa a tsakiyar kasuwar Sara, har da kashin fim ɗin da ya tsaya a kai.

Naku,
Mai kallo a bainar jama'a.