Masu Yi wa Birai Hidima a Dajin Gashaka

Tun da Farfesa Volker Sommer na jami'ar UCL ta Landan ya kafa aikin binciken birai a gandun dajin Gashaka Gumti a 2000, ɗalibai da masu aikin sa kai suka riƙa zuwa daga Turai da sassan Najeriya. Gandun ya fi kowanne girma a ƙasar nan, ya shimfiɗu tsakanin Taraba da Adamawa. Daga Serti mota za ta kai ka ƙauyen Gashaka, daga nan sai a taka sayyada zuwa sansanin Kwano. An cika littattafai da halayen biran wurin. Halayen masu bin biran ne aka yi wa rowar tawada, alhali sun fi abin kallo.

Akwai 'yar mafarki. Ta ga hotunan Jane Goodall a Gombe, ta Tanzaniya fa, ba tamu ba, sai ta haɗa kaya da zaton cimfanzi zai miƙo mata hannu su gaisa. Cimfanzin Gashaka kuwa ba su saba da mutum ba, sai a yi makonni ba a ga ko ƙeyarsu ba. Abin da ake samu shi ne gadajen ganye da suke ɗaurawa a kan bishiya kowane dare, da tsinkayen da suka zura a ramin kwarkwasa ko na zuma suka yar, sai kuma kashi. Kashin nan ba a tsallake shi. A kwasa a leda, a kai rafi, a wanke a rariya, a zauna ana ƙirga kawunan kwarkwasar da ke ciki. Ran da aka fara miƙa mata rariyar, sai ta tuna tana da ciwon kai. Abin mamaki, irinta ce kan dawo baɗi, har ta riƙa yi wa sababbi faɗa don sun zubar mata da kashi mai kyau.

Sai Alhaji Kaya. Ya zo da jaka uku, tocila huɗu, wuƙa mai baki goma, da takalmin da kuɗinsa zai sayi ɗan maraƙi. Rafin farko takalmin ya sha ruwa, har ya bar dajin bai bushe ba. Mai yi masa jagora da takalmin roba yake tafe.

Mai neman sabis ba ya bukatar dogon bayani. An aike shi bin bika, an same shi a kan tudu ya ɗaga waya sama.

Wanda ya fi gajiyar da jama'a shi ne Malam Na-Karanta. Ya haddace cewa a dajin nan ne Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka gano yadda biri mai farin hanci ke haɗa kuka iri biyu ya zama kiran tashi a bar wuri, aikin da mujallar Nature ta buga a 2006. Gaskiya ne, kuma ya faɗa sau ɗari. Matsalar ita ce da biran suka yi kukan a kansa, bai gane ba, yana duba littafi. Dattijon da ke bin sawu, wanda a dajin ya yi furfura, ya ce masa, "Malam, sun ce mu tafi." Ya ce ai bisa ka'ida sai an naɗi sautin an tantance. Kafin ya ciro na'urar, biran sun kai wani kwari.

Akwai kuma Likitan Kansa: kowane cizon sauro zazzaɓi ne, kowane ƙudan tsando ciwon barci, kowace igiya kububuwa. Ba a cika yi masa dariya da yawa ba, don zazzaɓin cizon sauro a can ba wasa ba ne, kuma asibiti na da nisa. Ko ba komai, a jakarsa kowa ke samun magani.

Kada a ce Turawa kawai na sa a gaba. Namu ɗan jami'ar, daga Jalingo ko Yola, ya gaya wa gida cewa ya samu aiki da Turawa. Ya iso da guga a wando da turare a aljihu. Da asuba aka tashe shi, don dole a riski garken bika kafin su sauko daga wurin kwana, a bi su har faɗuwar rana ana rubuta wa ya ci me, wa ya yi wa wa tsifar ƙwarƙwata. Da ya samu waya, mahaifiyarsa ta ce, "To ɗan nan, wane ofis suka ba ka?" Ya ce, "Inna, ɓangaren kula da lafiya nake." A ranar fitsarin biri ya wuni yana tarawa.

Wadda nake jin tsoro ita ce mai wa'azi. Kwana uku da zuwa ta tara manoman Gashaka tana roƙonsu su daina jifan bika, wai su ma halittu ne masu tausayi. Garken bikan da ake kira Gamgam kuwa, kamar yadda masu binciken kansu suka rubuta, ɓarayin masara ne na gasken gaske. Wani manomi ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Madam, tunda 'yan'uwanki ne, ki zo ki kwana a gonar ki yi musu magana." A ganina ya fi ta hujja. Kiyaye dabba da cikin manomi ba ya ɗorewa, shi ya sa masu aikin da hankali suka fara da ɗaukar mutanen ƙauyen aiki kafin su buɗe baki.

Akwai na ƙarshe, wanda ba a cika tuna sunansa ba. Ba ya hoto, ba ya gardama, rubutunsa na karantuwa ko da ruwa ya jiƙa takardar, kuma in bai ga komai ba sai ya rubuta bai ga komai ba. Da takardunsa ake rubuta digirin sauran.

In kana da niyyar zuwa, ka sayi takalmin roba da gidan sauro, ka gaishe da mai bin sawu tun kafin ka gaishe da farfesa, kuma ka gaya wa Inna gaskiyar aikin tun daga gida.