Masu Karɓar Littafin Kyauta

Duk wanda bai taɓa shimfiɗa tabarma a bakin kasuwar Jega ya jera littattafai ya ce kyauta ne ba, da sauransa wajen sanin halin ɗan Adam.

Mai zargi ne ke fara isowa. Daga nesa yake tsayawa, hannu a baya. "Malam, wace jam'iyya ta aiko ku?" Ka ce babu. Ya yi shiru, can ya ce, "To ba a haɗawa da ko 'yar taliya?" Sai mai ƙosai, wadda ba ruwanta da sunan marubuci, kaurin littafi take dubawa; ƙamus ne burinta. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero kuwa, wadda aka kafa a 2006, tambayarsu ɗaya: "Zai fito a jarrabawa?" In ba zai fito ba, ka tura musu ta waya, sa duba wata rana.

Gwanina dai shi ne dillalin albasa na Aliero. Mutumin nan a duniya bai yarda akwai abin da ake mallaka ba ciniki ba. Zai ɗauki littafi ya jinjina shi a tafin hannu, ya latsa, har ya shinshina. Sannan ya buɗe tsakiya, don shi a saninsa a tsakiyar buhu ake ɓoye ruɓaɓɓiya.

"Nawa na wanga?"

"Kyauta ne, Alhaji."

"A'a, ka faɗi gaskiya."

"Wallahi kyauta."

"To na saya ɗari biyu."

Ka rasa ko albarka za ka ce ko sallamawa za ka yi. Da ya tabbata ba ka karɓar ko sisi, sai fuskarsa ta canza, ya fara neman aibin kayan. Da bai samu ba, sai ya nemi gyara. Ya ji cewa Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, nan take ya ce ai shi sari yake yi, a haɗa masa duka. Haushinka bai gama sauka ba sai ga shi wata kasuwar, ya sa ɗansa ya karanta masa da dare, ya zo da ƙorafi: akun nan da aka naɗa waziri, surutu kawai ya iya, da a kasuwar albasa yake da tuni an cinye masa jari. Kuma ina sauran?

A Maiyama akwai tsohon hedimasta wanda ya karanta komai tun kafin a haife ka. Ba ya karɓa, lacca yake bayarwa: yadda Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami ba fitilar lantarki, yaran yanzu kuwa sai waya. Ina gyaɗa kai da ƙarfi, ina addu'ar kada ya tambaye ni abin da ke cikin rabin littattafan da nake rabawa, waɗanda suka baro kantata da sabon ƙamshinsu.

Duk waɗannan ina yafe musu. Wanda ba na yafe wa shi ne mai babbar riga da ke fitowa daga mota da mai ɗaukar hoto a bayansa. Yarinya mai talla ta ajiye farantinta, tana bin Ruwan Bagaja da yatsa, baƙi bayan baƙi. Sai ya zare shi daga hannunta, ya sake miƙa mata yana murmushi, a ɗauka. Kafin la'asar yana Facebook a matsayin mai farfaɗo da karatu a Jihar Kebbi. Yaronsa kuma ya kwashi goma mafi kyawun bango, wai za a ƙawata falo. Littafin yarinyar ma da shi aka tafi.