Hatimin Majo Ya Fi Takardar Magani Faɗi

Makon nan ma wayoyin mutanen Maraɗi sun cika da hotunan barka: baƙar riga mai faɗin hannu, hula mai tuntu, furen roba, da kalmar Masta da manyan baƙaƙe, har mai neman sanarwar jana'iza sai ya tsallake murmushi barkatai kafin ya san wa ya rasu. Fannin da ake yayi bana shi ne sabunta harkar lafiya da iya tafiyar da ita. Masu tallar karatun na cewa digirin yana ciyar da ma'aikaci gaba, kuma ba su yi ƙarya ba. Yana ciyar da shi gaba ƙwarai, daga ƙaramin asibitin ƙauye zuwa Tsibiri, daga Tsibiri zuwa Maraɗi, daga Maraɗi zuwa Yamai. Kowace takarda da adadin kilomitocin da take ƙarawa tsakanin mai ita da maras lafiya. Wanda ya kai ƙarshen karatun kuwa, sai dai ya ga majinyaci a allon majigi, an mai da shi kashi cikin ɗari.

Mai shakka ya dubi hatimi. A da, hatimin majo, wato shugaban ƙaramin asibiti, ɗan kewaye ne, suna da aiki, shi ke nan. Yanzu sai an jera lisans, Masta na ɗaya, Masta na biyu, ƙwararre a kaza, mai ba da shawara a kaza, ɗalibin dakta mai jiran gado, lambar waya biyu da adireshin intanet. Takardar magani kuma ba ta ƙara faɗi ba tun zamanin Diori. Idan aka buga hatimin, sunan maganin sai ya raɓe a kusurwa, adadin da za a sha ya nutse cikin tawada. Mai farmasi ya karanta tarihin karatun majo tun daga farko har ƙarshe, ya jinjina kai, sannan ya tambayi mai takardar ko ya tuna abin da aka ce yana damunsa. Hatimin ya kai sai da hannu biyu ake ɗaga shi, nan gaba sai an ɗauki ɗan kwantiragi mai riƙe gefe guda. Bugu ɗaya yana tashin jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci. Idan ana neman wanda karatun nan ya canza wa rayuwa ba gardama, mai sassaƙa hatimi ne, domin shi ake biya gwargwadon baƙaƙe, kuma duk shekara sai an dawo a ƙara masa layi.

Sai a tambaya, sabbin dabarun da suka ceci rayuka a wannan yanki, wane kama gare su? A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu ba a kwantar da su ba. Ƙunshin tunkuzar gyaɗa da madara da sukari, Plumpy'Nut, aka miƙa wa uwa ta tafi gida. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da ɗan zaren awo mai ja da rawaya da kore, aka tarar ba su gaza ma'aikatan unguwa ba wajen gano yaron da ya fara ramewa. Rigakafin zazzaɓin damina da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, ƙwayoyi ne da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata, a ƙafa, cikin taɓo. A Danja, kudu da Maraɗi, asibitin kutare ya samu sashen gyaran yoyon fitsari a 2012. Duk abin da aka lissafa ɗin nan matsowa ya yi kusa da maras lafiya. Digirin da aka raɗa wa sunan sabuntawa shi kaɗai ya kama hanyar tasha.

Za a ce wannan hassada ce, ko ƙin ilimi. Ai wanda ya haɗa tunkuzar nan a 1996, André Briend, likita ne mai zurfin karatu, kuma ba da zaren awo kaɗai Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi a 2025 ba. Haka ne. Tsarin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta da aka kafa a 2006 ma ya sha wahala ne saboda jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, wato matsalar lissafi da gudanarwa, ainihin abin da irin wannan karatu ya kamata ya warware. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi tana da sashen ilimin lafiya, kuma ba mai hankalin da zai so a rufe shi. To amma a nuna mana mai Masta guda da ya koma inda ya baro ya gyara rajistar magani, ko ya sa firijin allurar rigakafi ya daina mutuwa. Za a kuma ce albashi bai kai wata, mai iyali dole ya nemi ƙarin girma ko kujerar furoje. Wannan hujja ta fi ƙarfi, kuma laifin yana kan tsarin da ba shi da wata hanyar saka wa ƙwararriyar ungozoma sai ta daina karɓar haihuwa. Sai dai uzurin ba ya tsayawa a ƙofar ƙaramin asibiti a watan Satumba, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da yara bibbiyu a gado ɗaya, majo yana birni yana gyara babi na uku, ya bar ɗan koyo da ƴar sa kai su yi ta maza. Uwar da ta biya kabu-kabu da kuɗin zogalen da ta sayar a Jiratawa ba ta zo a ce mata likita ya tafi ƙaro ilimin yadda za a kula da ita ba.

Littafin kammalawar shi ma a duba shi da kyau. Sakamakon bincike shafi biyu, shawarwari rabin shafi, kuma kullum su ne: a wayar da kai, a ƙara ma'aikata, a shirya taron bita. Shafukan godiya kuwa nan ilimin yake. Ana farawa da mahaifa, sai baffanni, sai kawunnai, sai malamin allo, sai Elhajin da ya ranta kuɗin rajista, wanda dole a zuba masa addu'a mai tsawo tunda ba a biya ba tukuna. Sannan a iso kan iyali, inda ake gane mai basirar gudanarwa ta gaskiya. Uwargida ce farko, ba a taɓa wannan. Amma idan an kira ta mai haƙuri, me za a kira amarya? Idan an ba amarya layi uku, uwargida na da mai karanta mata Faransanci, kuma zai ƙirga. Akwai masu rubuta sunayen bisa jerin baƙaƙe don a zauna lafiya, dabarar da ke aiki sai in amaryar sunanta A'i, uwargida kuma Zali. Wanda ya yi wannan kuskure, ranar walima da daddare za a gan shi a asibitin unguwa da kumburarren goshi yana neman majo, a ce masa ya tafi Yamai kare nasa littafin.