Yadda Beryl Ta Ci Naman Layyarmu

Akwai wani alfahari da mu 'yan Najeriya mazauna Houston muke yi wanda ba mu taɓa yin sa a gida ba, wato alfahari da rashin wuta. Da zarar aka ce guguwa na tafe, mutanen gari suka fara zaryar kanti, sai mu kishingiɗa mu ce, "Mu za a gaya wa duhu?" Ni kuwa a wannan fage na fi kowa baki. A wurin aiki na sha ba da labarin yadda na yi karatun jarrabawar sakandare da aci-balbal, kuma har yau babu wanda ya ƙaryata ni, tunda babu wanda ya san unguwarmu a Kano.

Saboda haka da aka fara maganar guguwar Beryl a ƙarshen watan Yunin 2024 ko a jikina. Abin da ya ƙara kwantar min da hankali shi ne jin asalinta. Masana yanayi sun ce da yawa daga cikin manyan guguwoyin Tekun Atilantika a sararin samaniyarmu ake haifarsu. Hadarin nan da muke gani yana tasowa daga gabas da damina, ya ratsa Chadi da Nijar da arewacin Najeriya, ya wuce Mali da Senegal, shi ne wani lokaci idan ya faɗa teku ya tarar da ruwa mai ɗumi sai ya fara juyi, ya yi ƙiba, ya haukace. Ita ma Beryl daga gaɓar Afirka ta Yamma ta fito. Na ce da matata, "Kwantar da hankalinki, 'yar gida ce."

'Yar gidan nan kuwa ranar 1 ga Yuli ta daka tsibirin Carriacou na ƙasar Giranada ta bar shi a baje, sannan ta haura mataki na 5, ƙololuwar ma'aunin guguwa, abin da ba a taɓa rubuta wata ta yi da wuri haka a shekara ba. Ta gogi Jamaika, ta ratsa Yucatan a Meziko, ta gaji. Da ta doso Texas sai aka ce a mataki na 1 za ta iso. Na yi dariya har da buga cinya. Aji ɗaya!

A lokacin gidanmu cike yake. Matata na jego, Hajiya surukata ta zo daga Kano don kula da ita. Babbar Sallah kuma ba ta daɗe da wucewa ba, a tsakiyar Yuni aka yi ta, ga naman ragon layya, ga kason watandar saniya da muka yi da 'yan masallacinmu, duk na danne su a babbar firiza a gareji. Hajiya tun ran Sallah ta so a soye shi. Na aika mata da bayani cikin ladabi cewa nan Amurka ce, firiza ta ɗauke wa mata wannan wahala.

Ranar Lahadi matata ta kore ni kanti. Na tarar an yi wa wurin ruwan gora ƙarƙaf, burodi babu ko ɓawo, batiri sai labari. Na dawo da gwangwanayen sadin, da kyandir mai ƙamshin kirfa, da salatif babban naɗi. Ina cikin manna salatif a gilashin tagogi, ina yi masa gicciye mai kyau, sai maƙwabcina, wani dattijo haifaffen Texas da ya ga guguwar Ike a 2008 ya ga ta Harvey a 2017, ya leƙo ta kan shinge ya ce hukumomin yanayi sun daɗe da hana wannan, ba ya tsare komai, sai ma ya sa gilashi ya fashe manya-manya. Na ce masa mu a wurinmu haka ake yi. Ya gyaɗa kai cikin girmama al'adun wasu ya tafi.

Hajiya ba ta yi min magana kai tsaye, ni ma ba na haɗa ido da ita, haka muka tashi muka gani. Ina tsaye a falo ta ce da 'yarta, "Ki tambayi mai gidan nan, akwai gawayi a gidan?" Na dubi ƙasa na yi murmushi na ce, "A gaya wa Hajiya in sha Allahu ba za a kai ga haka ba." Ta ce, "To, madalla." Ta tashi ta cika bahon wanka da ruwa, da tukwane, da bokitin mofa, da duk wani abu mai zurfi a gidan har da kwandon wasan yara, wanda bai riƙe ba.

Wajen ƙarfe huɗu na asubahin Litinin, 8 ga Yuli, Beryl ta sauka kusa da garin Matagorda da iska mai gudun fiye da kilomita 120 a awa guda, ta miƙo mana. Kafin gari ya waye sosai gidan ya fara magana. Wanda bai zauna a Amurka ba yana ganin gidajensu a hoto ya ɗauka bulo ne. Katako ne da allo mara kauri, bulon riga ce kawai aka sa masa ta waje. Bango na numfashi, ƙofar gaba na neman izinin tafiya, rufi na ƙara ta wurin da ban san akwai rufi ba. Can sai wayoyinmu duka suka ɗauki kururuwa lokaci guda. Matata ta ce a shiga ɗakin da babu taga. Ɗaki ɗaya ne a gidanmu da babu taga: ɗan kurkukun ƙarƙashin bene inda muke ajiye injin shara da rigunan sanyi.

To, a nan fa ake yin ta. Ni da tun da na yi aure ban taɓa zama tabarma ɗaya da Hajiya ba, ban taɓa kai loma baki a gabanta ba, idan na ji tafiyarta ta kicin sai in tuna ina da aiki a gareji, yau ga ni gwiwata na gugar gwiwarta. Na juya na fuskanci bango, hancina cikin aljihun wata kwat, na yi ta ƙoƙarin zama ƙarami. Mai jego na rungume da jaririya, babban ɗana na kan cinyata, Hajiya na jan carbi a nutse, ko sautinta bai canja ba. Wani abu ya faɗi a waje, gidan ya girgiza. Yaron nan, wanda Hausarsa ba ta fita sai in za ta tona asiri, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, me ya sa jikinka yake rawa?"

Na ce, "Sanyi ne."

A watan Yuli. A Texas. Mutum biyar a cikin akwati.

Hajiya ba ta bar jan carbinta ba, ta ce da 'yarta, "Miƙa masa mayafina, kada mura ta kama shi." Haka na ƙarasa guguwar nan lulluɓe da mayafin surukata mai ƙamshin turaren wuta, gumi na bin bayana, don mayar da shi rashin kunya ne.

Da iska ta ɗan lafa na fita dubawa a matsayina na mai gida. Ta tsakanin gicciyen salatif na hango gadon tsallen yaran maƙwabta yana wucewa ta bayan gidanmu a tsaye, ba gaggawa, shingen katakonmu kuma ya kwanta ya ba shi hanya. Gilashi ko ɗaya bai fashe ba, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan. Daidai nan wuta ta ɗauke. Wallahi sai da na ji wani ɗan daɗi. Na ce yau za a san maci tuwo, miya ta ƙare.

Gidaje da shaguna fiye da miliyan 2 ne suka rasa wuta a yankin Houston. Na fara zagaya gida in nuna gwaninta, sai na tarar gidan bai san da gwanintar ba. Murhun girki na lantarki. Tukunyar ruwan zafi ta lantarki. Ƙofar gareji ta lantarki, motata kuma na ciki. Na tura, na ɗaga, na zura shebur ta ƙasa na danna har ya lanƙwashe. Dattijon nan ya shigo ta ƙaramar ƙofa, ya ɗaga hannu ya ja wata jar igiya da ke reto a saman kaina tun ranar da muka tare, ya ɗaga ƙofar da hannu ɗaya. Na ce masa dama ita nake shirin ja, ina gwada ƙarfin ƙofar ne tukuna.

Sannan zafi ya sauko. Gidan Kano an gina shi da sanin cewa wuta baƙuwa ce: ga tsakar gida, ga zaure, ga inuwar darbejiya, dare ya yi ka ja tabarma waje. Gidan Houston an gina shi da alƙawarin na'urar sanyaya ɗaki, in ta mutu ya zama tanda. A waje kuma sauron da ruwan guguwa ya ƙyanƙyashe na jira. Zafin da jiki ke ji ya haura digiri 38, ga iska jiƙe sharkaf. A nan ba abin dariya: mutane da dama da suka tsira daga iskar, zafin kwanakin baya ne ya kashe su, wasu kuma hayaƙin janareton da suka kunna a gareji ko dab da taga.

Na fita neman mai da ƙanƙara. Layin mai a Texas, jihar da ta fi kowace jiha a Amurka haƙo ɗanyen mai! Na ji kamar in yi ƙwalla don kewar gida, sai dai layi ne mara tsari, babu ɗan bumburutu ko ɗaya da zai fitar da mutum kunya da galan. Taswirar kamfanin wuta da ke nuna inda aka gyara ba ta aiki, sai mutanen gari suka koma duba manhajar Whataburger, masu sayar da burodi da nama: shagon da ya buɗe, unguwarsu akwai wuta ke nan. Mu a gida da ihun yara muke ganewa, amma kowa da fasaharsa.

Saura nama. An ce firiza cikakkiya tana riƙe sanyi kamar awa 48 in ba a buɗe ta ba. Ni kuwa mutum ne mai son tabbatarwa, don haka nakan buɗe lokaci zuwa lokaci in ga ko maganar tasu gaskiya ce. Ba gaskiya ba ce. Washegari jan ruwa ya fara bin ƙasan gareji yana neman titi.

Nan na fito da shirina: kilishi. Na yanyanka cinya guda fale-fale, na shanya a kan shingen da ya faɗi, na ja kujera na zauna gadi. Abin da littattafai ba su faɗa ba shi ne kilishi ɗan busasshiyar iska ne. A Houston naman bai bushe ba, gumi ya yi ta yi tare da ni. Ƙudajen jihar suka aika wa danginsu. Da dare kuma wata dabba da suke kira rakun, mai baƙin zane a ido da hannaye irin na mutum, ta zo da iyalinta suka duba aikin, suka yaba, suka tafi da rabinsa.

Duk wannan Hajiya ba ta ce uffan ba. Da sassafe na leƙo na ga ta jera bulo uku a tsakiyar ciyawar gaban gida, ta aiki jikanta gidan dattijo ya karɓo buhun gawayin gashinsa, ta ɗora babbar tukunya. Farko ruwan wankan jego, don a wurinta guguwa ba uzuri ba ce. Sannan ta narka kitse ta fara suya, irin ta Sallah, wadda ake ƙona ruwan nama tas ya yi watanni bai ce komai ba. Wanda ya yi laushi da yawa ta dafa, ta sa aka daka, ta yi dambu.

Ƙamshi ya yi shela. Ashe kowane gida a layin da firizarsa mai kuka. Dattijo ya turo nasa naman, wata mata 'yar Meziko ta zo da fanken masararsu, wasu suka kawo kaji, wasu kujeru. Hajiya, wadda Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, ta tsaya da matsami a hannu tana ba da umarni, injiniyoyi da malaman asibiti na gudu. Ta barbaɗa wa dattijo yajin ƙuli, ya tauna, ya yi tari, hawaye ya zubo, ya miƙo faranti. Kafin azahar duk layin Mama suke ce mata.

Ni an ba ni muƙami biyu: fifita wuta da kwalin fiza, da tafinta. Dattijo ya tambaya a ina ta koyi wannan aiki. Hajiya ta dubi tukunya ta ce, "A gaya masa duk macen garinmu ta iya. Maza ne dai sai a hankali, wani ko wuta bai iya hurawa ba." Na juya na ce masa Mama ta ce sana'ar gidanmu ce, ni na tsara komai. Ɗana, wanda na biya kuɗi ana koya masa Hausa ta intanet, ya ce ba haka ta ce ba, ya fassara daidai, har da nuna ni da yatsa.

Wuta ta dawo cikin wani dare bayan mun fid da rai. Fitilu, talabijin, injin wanki, komai ya tashi lokaci guda. Ban san sanda na fita titi da gajeren wando ina ihun "An kawo! An kawo!" ba, ni kaɗai, karnuka na amsawa. Na dawo na kunna na'urar sanyi har ƙarshe, na tsaya a ƙarƙashinta na buɗe hannuwa. Sai na ji muryar Hajiya daga ɗaki: "Ki gaya wa mai gidan nan ya kashe abin nan, sanyi ba ya yi wa mai jego kyau." Na kashe.

Bayan an kwashe rassan bishiyoyi, wasiƙa ta zo daga ƙungiyar masu gidajen unguwa. An lura, in ji su, da ƙonanniyar ciyawa da baƙaƙen bulo uku a gaban gidana, da kuma ragowar salatif a tagogi, abin da ya saɓa wa ƙa'idar kyan unguwa, don haka in gyara ko in biya tara. Na duba sa hannun da ke ƙasa. Na gane shi sarai. Wani mai jar hula ne da ya koma layin dambu sau biyu, ya kuma nemi a ƙunsa masa na matarsa.