Karatun A, B, C, D a Shekara 65

A ƙasar Amurka, idan mutum ya cika shekara 65 ana mayar da shi aji ɗaya. Gwamnati za ta ba shi kati mai suna Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi, sannan ta ɗora masa karatun baƙaƙe. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa dokar hannu a 1965, aka miƙa katin farko ga tsohon shugaba Harry Truman. A 1972 aka shigar da masu nakasa da ba su kai 65 ba.

Darasin farko ba wuya. Sashen A na kwanciya asibiti ne. Sashen B na ganin likita da gwaje-gwaje. Sashen D na magani ne, shi ne autan gida, sai 2006 ya fara aiki. Sashen C kuwa A da B ne a haɗe, galibi har da D, a hannun kamfani mai zaman kansa.

Darasi na biyu yana bukatar natsuwa. Da yake A da B suna barin giɓi a kuɗin asibiti, kamfanoni na sayar da wata inshorar ta cike giɓin, mai suna Medigap. Ita ma da baƙaƙe aka raba ta: A, B, C, D, F, G, K, L, M, N. Saboda haka akwai Sashen A, akwai Tsarin A, kuma ba dangin iya ba na baba. E, H, I da J an daina sayar da su tun 2010. Tsarin C da F suna nan da ransu, amma wanda ya cancanta daga 2020 ba a sayar masa. Jihohin Massachusetts, Minnesota da Wisconsin kuma nasu allon daban ne.

Kowa ya san abubuwa uku da ke fara yi wa tsoho sallama: haƙori, ido da kunne. Sashen A da B ba sa biyan haƙoran roba, ba sa biyan na'urar ƙara ji, tabarau ma sai bayan tiyatar yanar ido.

Makarantar tana da bulalar makara. Wata bakwai ake ba mutum ya yi rajista: uku kafin watan haihuwarsa, watan kansa, da uku bayansa. Wanda ya makara shiga Sashen B ba tare da inshorar wurin aiki ba, kowace cikakkiyar shekara tana jawo masa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kuɗin wata, kuma ƙarin na bin sa muddin yana cikin tsarin. Mai nakasa kuwa sai ya yi wata 24 yana karɓar tallafin nakasa kafin katin ya zo, in ban da masu wasu cututtuka kamar ALS. Shekara biyu ga marar lafiya ba kwana kaɗan ba ne.

Da majalisar dokokin ƙasar ta ga yadda karatun ya yi nauyi, a 1990 ta kafa shiri na musamman mai suna SHIP, wanda aikinsa shi ne bayyana wa mutane inshorarsu kyauta. Yana nan a duk jihohi 50. Sai dai jihohi da yawa sun raɗa masa nasu sunan. A Florida SHINE ne, a jihar Washington SHIBA, a Ohio OSHIIP, a Connecticut CHOICES. A California HICAP ne da I ɗaya, a New York HIICAP da I biyu.

Duk da haka, wannan ofishi alheri ne. Masu ba da shawarar, da yawansu 'yan sa-kai ne da aka horar, ba sa sayar da komai. Dillalin inshora yana cin la'ada, su ba sa ci. Sukan zauna da tsoho su duba magungunansa ɗaya bayan ɗaya, su nemo tsarin da ya fi masa sauƙi. Idan mai ƙaramin ƙarfi ne, su taya shi neman tallafin jiha da ke biya masa kuɗin Sashen B, ko Medicaid, wadda ba Medicare ba ce, wadda kuma a California ake kira Medi-Cal, a Tennessee TennCare.

Iyayenmu da suka tsufa a unguwanni irin su Bronx, bayan shekaru suna tuƙin tasi da aikin dare, wannan haƙƙinsu ne da suka biya wa haraji. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba kowace shekara ake canza tsari. A tattara kwalaben magani a jaka, a ɗauki katin, a riƙo hannun jika mai jin Turanci, a je a tambaya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma malaman wannan aji ba sa karɓar kuɗin Laraba.