Kamar Sabo, Ja Ɗaya Yake Tashi

Tsakanina da dillalin unguwarmu babu wata gaba sai ta la'ada. Mutumin kirki ne, a sahun gaba yake salla. Amma har yau na kasa gane dalilin da zai sa mutum ya tsaya tsakanin mai kaya da mai kuɗi, ba shi da jarin komai sai hula da carbi, ya ce wa wannan "ƙara", ya ce wa wancan "rage", sannan ya miƙa hannu dama da hagu. Don haka ranar da na yanke shawarar rabuwa da janaretana, na ci alwashin ko sisi ba zai gani ba.

Dalilin rabuwar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle da ke Abuja ya ce an cire tallafin mai, kafin mako ya zagayo litar da a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Janaretana kuwa mashayi ne na gaske. Uwargida ta fara yi min zancen maƙwabta sun sa sola, zancen da ake farawa da "ba wai ina cewa komai ba ne".

Bari in gabatar muku da shi. Tankinsa ya loɓa ta hagu tun ranar da yara suka mayar da shi doki. Igiyar ja ta asali ta daɗe da tsinkewa, wadda ke jiki yanzu shuɗiya ce, daga igiyar shanyar uwargida na yanko ta. Ba ya tashi a miƙe, sai an tokare ƙafarsa ɗaya da rabin bulo, an rufe cok, an hura fulogi, an yi bisimilla. In ya ga dama ya tashi, sai ka rantse tsohuwar gingimari ce ke hawan tudu da lodin albasa. Mai gyaran da nake kai wa shi a wajen Ƙofar Ruwa ba ya kiransa inji, majinyacina yake cewa.

Ɗan yayata ne ya nuna min hanya. Ya ce, "Kawu, wa yake ta dillali yanzu? Ga kasuwar Facebook, ga Jiji da aka kafa a Legas tun 2014, har ta saye harkar OLX a 2019. Hoto kawai za ka sa da lambar waya, masu saye su neme ka har gadonka." Muka zaɓi shafi ɗaya. Muka wanke majinyaci da sabulu, muka shafe shi da ɗan baƙin mai har yana ƙyalli, muka ɗauke shi hoto ta ɓangaren dama. Da aka zo wajen bayani na ce ya rubuta: kamar sabo, ja ɗaya yake tashi, naira 120,000. Yaron ya ɗago kai ya dube ni. Na ce masa ai ban yi ƙarya ba, ja ɗaya ne yake tashinsa, na ƙarshen. Waɗanda suka gabace shi motsa jiki ne.

Masu saye sun neme ni har gadon kuwa. Akwai wanda ya kira ƙarfe biyun dare, ko sallama babu, ya ce, "Nawa ne gaskiyarsa?" Wani ya taya 30,000, da na ce albarka ya yi min nasiha kan son duniya. Wani ya ce ba shi da kuɗi a hannu amma yana da tattabaru masu kyau da keken da ba shi da sarƙa, ko za mu yi musaya.

Sai ga wani mai murya a natse, ya ce shi jami'i ne, yana bakin aiki a daji, ba zai samu zuwa ba. Bai nemi ragin ko kwabo ba, har ya ce zai ƙara min na mota. Abin da kawai yake buƙata, yanzu wasu lambobi shida za su shigo wayata, in karanto masa don a tabbatar ni ne mai kayan. Lambobin suka shigo. Na gyara murya na karanta uku, ɗan yayata ya yi tsalle daga kan tabarma ya fizge wayar. Ya ce, "Kawu, wannan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne! In ka ƙarasa, ya kwashe shi zuwa wayarsa, ya bi danginmu ɗaya bayan ɗaya da sunanka yana cewa kana asibiti a turo kuɗi." Nan take ya sa min lambar sirri ta biyu, wadda ko an saci ta farkon ba a shiga sai da ita. Na so in gaya masa da ma ya ƙyale mutumin ya gwada. Ni da kaina na sha neman rance a dangin nan da muryata ta gaskiya, na san abin da ke fitowa.

Daga ranar na zama malami. A majalisarmu ta bakin masallaci ni ke ba da fatawa kan 'yan damfara: kada ka ba da kafin alƙalami kan kayan da ba ka gani ba, kada ka karanta wa kowa lamba, araha in ta yi yawa ka tambayi dalili. Shafin ma ya rubuta gargaɗinsa ɓaro-ɓaro, cewa a haɗu a wurin jama'a, a duba kaya kafin a biya. Na karanta na gyaɗa kai, na ce wannan don masu saye aka yi. Mai sayarwa me zai same shi?

Sai wani Alhaji mai son saye ya zo bayan magariba. Farar shadda, hula zanna, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Tare da shi akwai wani yaro da A Daidaita Sahu a ƙofar gida. Babu wuta, a hasken waya ya duba injin, ya shafa tankin ta ɓangaren dama ya ce, "Masha Allah." Gabana yana ta faɗuwa, don na san abin da ke biye, za a ce a tayar. Na fara kame-kamen cewa babu mai a ciki. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Malam, Musulmi zai cuci ɗan'uwansa ne? Fuskarka kaɗai ta ishe ni shaida." Wallahi sai da na ji ƙaunar mutumin nan ta kama ni.

Ya taya 100,000, na ce albarka. Ya ce da goma, na ce na sallama. Na ba shi lambar asusu, ya latsa wayarsa, tawa ta yi ƙara. Ga saƙo da sunan bankina a sama, ga 110,000 cif. Ana haka sai ga autarmu ta fito daga cikin gida ta raɗa min, "Baba, in ji Umma wai ka duba cikin asusun." Na danna lambobin banki, abin ya yi ta juyawa bai buɗe ba. Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Ai ka san halin netuwok."

Na sani kuwa. Duk wanda ya rayu a ƙasar nan farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 tsabar kuɗi ta ɓace, ya koyi cewa kuɗi na iya kwana a hanya. Mun ga an tura wa mai shayi kuɗin safe sun isa da la'asar. Wannan haƙurin da muka koya a layin banki shi ne jarin Alhaji. Ya duba agogo ya ce kada isha'i ta wuce mu. Ni na kama gefe ɗaya muka ɗora injin a A Daidaita, na koma da gudu na ɗauko masa rabin bulon na ce gyara ne, zai yi masa amfani.

Washegari na je wurin mai POS na bakin titi da niyyar cirar kuɗin batirin sola. Yaron ya zura kati, ya dube ni, ya juyo min da na'urar: naira 2,340. Na nuna masa saƙon. Ko ƙarshensa bai karanta ba ya ce, "Baba, wannan ai rubutu ne kawai. Sunan da ke sama ana iya ƙirƙirarsa ya fito kamar na banki. Duba ragowar kuɗin da ya rubuta a ƙasa, naka ne?" Ba nawa ba ne. Alhaji ya yi min karamci, ya ɗauka ina da dubu tamanin a ajiye. Yaron ya ce kuɗi sai wanda ka buɗe asusunka da hannunka ka gani, ba wanda aka nuna maka ko aka aiko maka da labarinsa ba.

Lambar Alhaji a kashe. A gida uwargida ba ta ce komai ba. Ta kawo tuwo ta durƙusa har ƙasa, abin da rabonta da yi tun muna amarci, ta ce, "Ga abinci, Alhajin intanet."

Ina cikin wannan hali wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar na sani, ta Alhaji ce, natsuwar ce babu.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Wannan ne kamar sabo? Tun jiya muke ja, kafaɗata ta goce, yarona ya kwanta!"

Na buɗe baki zan zage shi, sai na ji kaina ina cewa, "Kun tokare shi da bulon?"

"Wane bulo?"

"Ƙafar hagu ta baya. Ku rufe cok, ku hura fulogi."

Aka yi shiru, ina jiyo ja da nishi, ja da nishi. Sannan na tuna ko da wa nake magana. Na ce, "Kai, ɓarawo! Ina kuɗina?"

"Wane kuɗi? Na kayan da ba ya tashi? Ni ne ma zan bi ka kuɗin A Daidaita. Irinku ne kuke ɓata kasuwar intanet, mutum ba zai ƙara yarda da kowa ba!" Ya kashe waya. Na daɗe ina jin ana cewa wanzami ba ya son jarfa, ranar na ji kukansa da kunnena.

Bayan kwana biyu mai gyara ya kira yana dariya har yana tari. "Yallaɓai, majinyacinka ya iso." Wani yaro ne ya kawo shi. Tun daga nesa ya hango shuɗiyar igiya, amma bai nuna ba, sai da ya kwance kabureta ya wanke, ya sauya fulogi, sannan ya tambayi yaron yaya mai injin da iyali. Yaron ya ce bari ya sayo ruwa. Har yau yana sayowa. Kuɗin gyara 14,000, a kaina.

A bakin rumfar mai gyaran na tarar da dillalin unguwarmu zaune a benci yana jan carbi. Ashe tun washegarin da abin ya faru uwargida ta aika masa, shi kuma ya bi masu gyara da masu sayen kayan kwance ya ba su kwatancen loɓaɓɓen tanki da igiyar shanya, ya tuna musu cewa kayan sata a hannun wanda aka gan shi ake fara tambaya. Ya ce, "Malam, da ka kawo min, duk wanda zan haɗa ka da shi na san gidansu, na san ubansa. Kuma da ba zan ce kamar sabo ba, don gobe ma a unguwar nan zan kwana." Sannan ya miƙo hannu, wai na goro. Na ba shi, ban sayar da komai ba.

Tallan yana nan a shafin, sai dai uwargida ce ta sake rubuta shi, hoton ma ta hagu aka ɗauka. Mai so ya zo da rana, a rumfar mai gyara, ya zo da litar mansa, ya ja da hannunsa. Mai tura kuɗi zai zauna mu sha shayi har sai na gan su a asusu. Farashi 70,000, ba a karɓar tattabaru. Bulo kuma kowa ya zo da nasa, namu yana wurin Alhaji.